Mafakar Kifi a Ƙarƙashin Gidan Lionel

Ku gyara zama ku ji wannan. Ba daga nesa aka kawo mini shi ba, a layinmu aka yi, kuma har yau in kun leƙa gidan za ku ga inda gishiri ya bar farin tabo a siminti.

A nan Ingham, a layin da ke bayan gonakin rake, akwai wani dattijo, Lionel Scuderi. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙa ɗan jirgin ƙasan da ke jan rake zuwa masana'antar sukari. Da ya ajiye aiki sai hannunsa ya rasa abin yi, bakinsa kuwa ya samu. Ba mugu ba ne, kada ku ɗauka haka. In motarka ta mace a hanya shi ne farkon tsayawa, sai dai in ya gama gyara maka ita da ƙafa za ka ƙarasa gida.

Matarsa Noelene ta daɗe da sanin halin kayanta. Ya gyara mata murhu wuta ta kama labule, ya gyara mata agogo ya koma tafiya da baya, duk ta yi shiru. Abu ɗaya ne a gidan ba ta yarda ya taɓa ba: wani ɗan tankin gilashi a kan kantar kicin, da ƙananan kifayen teku biyu masu ruwan lemo da fararen zane. Na yayarta Pearl ne. Ranar da Pearl za ta rasu ba ta yi zancen gida ko zobe ba, hannun Noelene ta riƙe ta ce, "Ki kula mini da su Gina." Gina ce babbar, mafaɗaciya, duk ranar da Noelene ta sa hannu za ta goge gilashi sai ta cije ta a yatsa. Dino ƙaramin, mijinta, kullum yana bayanta kamar mai neman afuwa. Noelene kan ce halin Pearl da mijinta ke nan, ba ragi ba ƙari.

To, wata rana Lionel ya tafi Townsville cire haƙori a motar maƙwabcinsa Merv, tsohon mahauci, wanda tun suna yara suke abota suna faɗa. Da yamma sai ga su sun dawo da tirela a baya, a kanta wani tankin gilashi da in ka kwanta a ciki za ka miƙe ƙafa har ka yi juyi. Wani gidan abinci ne ya rufe suka sayar. Haƙorin kuwa yana nan a bakinsa, ya manta da shi.

Ya tsaya a bakin shinge ya shaida wa duk mai wucewa cewa teku zai kawo falo. Ya ce mutane na biyan jirgin ruwa su je kallon duwatsun murjani a ƙarƙashin teku suna amai a hanya, shi daga kujerarsa zai riƙa kallo da kofin shayi a hannu.

Merv ya ce, "Kai da famfon banɗakinka yake ɗiga tun bara?"

"Wannan ƙaramin ruwa ne, aboki. Ni babban ruwa nake jin yarensa."

Anti Thelma, wadda gidanta ke kallon nasu, ta leƙo daga baranda ta ce to sannu Kyaftin. Shi ke nan suna ya bi shi. Shi kuwa ya ɗauka girmamawa ce.

Tankin ya ƙi shiga ta ƙofa, aka cire tagar falo, aka tara mazan layi suka ɗaga shi da igiya suna zagin juna. Gidan na katako ne a kan dogayen ginshiƙai kamar sauran gidajenmu, kuma ba wanda ya tambaye shi ko zai iya ɗaukar teku. Da aka cika tankin da ruwa, Noelene ta ajiye mangwaro a kan tebur, ya gangaro ya faɗi, ya bi ƙasa a hankali har ya je ya jingina da gilashi. Ta sake ajiye wani, shi ma ya bi ɗan'uwansa. Ƙofar ɗakin barci ta daina rufuwa, ta banɗaki ta daina buɗuwa. Lionel ya ce gidan ne ke rusunawa, zai saba. Amma da Noelene ta dube shi irin duban nan, sai ya sauka ƙasa ya tokare falon da jak ɗin mota da tsofaffin katakan layin dogo.

Sai suka koma Townsville wajen mai shagon kifin ado, wata mata Kerryn, mai magana kamar tana sara itace. Noelene ta bi shi, don ta san in ya je shi kaɗai da kada zai dawo. Kerryn ta ce musu babban tankin nan ado ne kawai, aikin a ƙasa ake yi. Dole a sami wani mazubi a ƙarƙashinsa: ruwa ya gangaro daga sama, a tace dattin, ya ratsa ta wani ɓangare da ake kira mafaka, inda ciyawar teku ke girma tana shanye ƙazanta, ƙananan halittu kuma suna hayayyafa ba kifin da zai cinye su, daga nan injin ya sake tura shi sama.

Ta ɗaga yatsu biyu. Ta ce na ɗaya, kada ya cika mazubin ƙasa, ya bar wajen kashi ɗaya cikin uku ba komai, domin duk ranar da injin ya tsaya, ruwan sama zai sauko neman wurin zama. Na biyu, ta nuna wani ɗan rami kamar na allura a wuyan bututun da ke mayar da ruwa sama. Ta ce ita ta huda shi da gangan. In wuta ta ɗauke, iska za ta shiga ta nan, bututun ya daina zuƙo ruwa baya. In babu shi, sai ya shanye tankin har inda bakinsa ya kai.

Lionel yana gyaɗa kai, idonsa na kan wasu shuɗayen fitilu. Ya ce, "Yarinya, ina jan tarago hamsin na rake tun ba a haife ki ba."

Kerryn ta ce, "Rake ba ya gangarowa da kansa in ka kashe inji."

Noelene dai ramin ta ƙara dubawa.

Da suka dawo sai aka ga ashe ba inda za a sa mazubin, don teburin da ya kafa wa tankin duk ƙarfe ne da katako, ko kyanwa ba za ta kwanta a ciki ba. Lionel ya ce ai haka ya tsara tun farko, ƙarƙashin gida za a kai. Ku kun san ƙarƙashin gida a wajenmu: nan injin wanki yake, nan firji na biyu, nan dogon tebur, nan ake fakewa in zafi ya yi zafi. Ya ɗauko abin huda ya durƙusa a falo. Ramin farko ya fito daidai kan rufin mota. Na biyu ya fito kan igiyar shanya, garin katako ya zubo a kan fararen zannuwan gado. Na uku ne ya dace. Sauran biyun ya toshe su da toshiyar kwalba, ya ce ramukan iska ne.

Mazubin kuwa tsohon bahon wanka ne da shanun ƙanin Merv suka shekara suna shan ruwa a ciki. Ya ture teburin ninke kaya na Noelene, ya matsa injin wankinta zuwa lungu, ya kafa bahon a tsakiya kamar gadon sarauta. Don ya nuna tsafta, ya wanke shi da garin sabulun wanki, rabin kwali. Sannan ya cika, ya kunna injin tace datti, wanda dama aikinsa shi ne ya kaɗa ruwa ya yi kumfa.

Injin bai taɓa samun aiki mai daɗi irin wannan ba. Kumfa ta taso ta cika bahon, ta sauko ƙasa, ta zagaye ƙafar tebur, ta nufi titi. Ɗan karen Anti Thelma ya shiga yana haushi, ya fito fari fat kamar tunkiya, ya tsaya a tsakiyar hanya yana atishawa.

Anti Thelma ta ce, "Kyaftin, in wanka kake yi wa karnukan layi, ka faɗa mana mu kawo sauran."

Ya ce gwaji ne. Injin da bai iya kumfa ba ai ba inji ba ne.

Sai da aka zubar da ruwan duka, sama da ƙasa, aka ɗauraye, aka sake haɗa gishiri. Ciyawar gaban gidan ta mutu ta yi ja, shi kuwa ya ce ya huta da yanka.

Saura mafaka. Kerryn na da ciyawar teku mai tsabta a leda, amma Lionel ya ce shi ba zai sayi ciyawa ba alhali teku na nan a bayan gari. Ya ɗauki bokitai ya sa Merv ya kai shi wani rafi wajen garin Lucinda, inda itatuwa ke tsaye cikin taɓo. Ya dawo da laka baƙa ƙirin, da tulin ciyawa, da silifas ƙafa ɗaya, da labarin kada. Da rana kadan da ya ce ya gani ya kai tsawon tebur. Kafin yamma ya kai tsawon mota. Merv ya ce kututturen itace ne, kuma shi daga cikin mota ya ga Kyaftin yana gudu yana kiran sunan mahaifiyarsa.

Aka juye lakar a baho. Mako guda gidan na warin ruɓaɓɓen ƙwai, har mai kawo wasiƙa ya koma jefowa daga nesa. Da warin ya lafa, ruwa ya kwanta, ciyawar ta yi kore shar, gaskiya abin ya yi kyau. Sai dai dodon-koɗin da ya zuba don su riƙa lashe gansakuka suka fara ƙarewa. Kullum da safe sai a ga ɓawo a fashe. Wata rana Noelene na zuba wanki ta ga wasu idanu biyu a kan tsinke sun leƙo daga laka, suka dube ta, suka koma. Ta gaya masa. Ya ce alamar lafiyar mafaka ke nan, irin ƙananan halittun da yarinyar nan ta faɗa.

"Ƙananan halittun naka na da hannu kamar filaya," in ji Noelene.

"Abinci ne ya karɓe su."

Daga nan ya shiga abin da ya kira gyaran kurakuran shago. Ya ga bahon da saura wuri, ya ce wannan asara ce, wa zai gina ɗaki ya bar sulusinsa ba kowa? Ya ƙara ruwa har baki. Ya ga bututun da ke kawo ruwa sama ya tsaya kusa da saman tanki, ya ƙara masa tsawo har gindi, wai don kifayen ƙasa su fara shan sabon ruwa. Ya ga wani ɗan shinge mai haƙora kamar matsefi a bakin inda ruwa ke gangarawa, ya ce yana rage gudu, ya cire. Sai kuma ya ga ɗan ramin nan yana tsartuwa. Ya kira Merv ya nuna masa, ya ce dubi abin da suke sayar wa mutane, sabon bututu da huji. Ya liƙe shi da gam, ya shafa da babban yatsa.

Noelene ta tuna masa abin da Kerryn ta ce. Ya ce wannan dokar ta masu koyo ce.

Duk wannan bidiri su Gina na kicin abinsu, don Noelene ta ce ko gawarta ba za ta yarda a sa su a wancan kogin ba. Ya yi cika baki, ta ƙi. Ya yi fushi ya ƙi cin taliya, ta ƙi. Ana jibi Kirsimeti sai ya shigo kicin ya tsaya a gaban ɗan tankin, ya zuba wa kifayen ido. Can ya ce, "Noel, Pearl kullum tana cewa wurin nan ya yi musu kaɗan. Ni don su na yi. Ban iya faɗa ba ne kawai."

Abin haushin shi ne gaskiya ya faɗa, Pearl ta sha cewa haka. Noelene ta juya ta kama goge tukunyar da ta riga ta bushe. Washegari da kanta ta ɗauke su a kwano ta kai falo, ta sake su a hankali. Gina ta cije ta kafin ta tafi.

Ranar Kirsimeti gari ya waye da zafi kamar an rufe mu a tukunya, don a wajenmu cikin zafi da damina take faɗowa. A layinmu kowace shekara gida ɗaya ake haɗuwa cin abincin rana, bana kuwa Lionel ya nace a nasa za a yi. Da safe Noelene ta leƙa babban tanki ba ta ga kifayen ba. Ya ce kunya suke ji, suna bayan duwatsu, sabon gida sai a hankali. Hankalinta bai kwanta ba, amma ga jatan lande tuli guda na jiran ɓarewa, ga baƙi sun fara shigowa da kwanuka.

Aka jera tebur a ƙarƙashin gida. Ga jatan lande a kan ƙanƙara, ga kaji, ga taliyar Noelene, ga mangwaro, ga kek ɗin Beryl matar Merv mai farin kirim, wanda ba a yarda kowa ya ko kalle shi kafin lokaci ba. Anti Thelma ta kawo babbar fankarta ta kafa a gaban kujerarta. Bahon kuwa Lionel ya rufe shi da zanen gado, don sai ya yi jawabi za a buɗe.

Ya sa farar hula irin ta masu jirgin ruwa. Ya buga cokali a kofi. Ya yi bayanin ruwa daga sama zuwa ƙasa, daga ƙasa zuwa sama, ya ce ko a Townsville babu irin wannan, ya ce mai shagon da kanta in ta gani sai ta nemi ya koya mata. Sannan ya fizge zanen. Jama'a suka tafa, don bahon ya yi kyau, cike taf, ruwa na rawa a bakinsa, ciyawa na lilo a ciki.

Merv yana tsotsar kan jatan lande ya ce, "To Kyaftin, damina ta zo. In hadari ya ɗauke wuta fa?"

"Ba abin da zai faru."

"Ka gwada?"

"Mai tsari ba ya gwaji."

"Wato ba ka gwada ba."

Noelene ta ajiye cokalin da ke hannunta ta ce, "Lionel, zauna ka ci abinci."

Da Merv bai yi dariya ba, da ya zauna. Amma Merv ya yi, har da buga cinya. Lionel ya taka zuwa inda wayoyin suke a ƙasa kusa da ƙafar baho, ya sunkuya, ya zare filogin injin, ya ɗaga shi sama kowa ya gani.

Injin ya yi shiru. Ya buɗe hannuwa ya ce, "Kun gani?"

Sai aka ji bututu ya yi wani gurnani kamar cikin mai yunwa. Ruwan bahon ya kumbura, ya leƙo, ya zubo ta kowane gefe. Lionel ya yi sauri zai mayar da filogi, amma ruwa ya riga shi isa wajen wayoyin. Aka ji ƙas, wutar gidan duka ta ɗauke. Firji ya yi shiru. Fankar Anti Thelma ta juya sau biyu ta tsaya. Merv ya ruga ya ɗaga makunnin, ya sake faɗuwa, ya ɗaga, ya faɗi.

Ruwa kuwa bai san ana Kirsimeti ba. Ya taho da laka da ciyawa ya bi ƙarƙashin tebur. Mata suka ɗage ƙafafu, maza suka hau kujeru, silifas suka tashi suna yawo kamar jiragen kamun kifi. Beryl ta rungume kek ɗinta ta hau kan injin wanki. Lionel na tsaye a tsakiya yana cewa kowa ya kwantar da hankali, yanzu zai tsaya da kansa, haka aka tsara.

Noelene ba ta tsaya ji ba. Ta haye matakala da gudun da ta manta tana da shi. A falo ruwan tankin na sauka a gaban idonta, duwatsun sama sun riga sun fito suna ɗiga, bututun nan mai dogon baki yana can gindi yana zuƙa. Ta kama shi ta ja, ashe Lionel ya manne shi da gam kamar ba gobe. Ta laluba aljihun rigar girkinta, ta ji abin buɗe kwalba mai murɗaɗɗen tsini. Ta nemo wurin da babban yatsan mijinta ya bar shaida, ta kafa tsinin, ta murɗa, ta murɗa, ta fizgo. Gam ɗin ya fito kamar ƙwayar shinkafa. Ramin ya ja iska ya yi fiii, bututun ya yi gyatsa, ruwa ya tsaya cak a rabin tanki.

Ta tura hannu har kafaɗa tana ɗaga duwatsu ɗaya bayan ɗaya. Ba Gina, ba Dino. Ta duba bayan tanki, ta duba ƙasa, ta duba ƙarƙashin kujera. Sai ta zauna a ƙasan falon da rigarta jiƙe, ta rasa abin da za ta ce wa Pearl.

Can ta ji muryar Anti Thelma ta ramin bututu. Ba ihu ta yi ba, cewa ta yi, "Noelene, sauko ki karɓi baƙonki."

Ta sauko. Anti Thelma na tsaye cikin ruwa har idon sawu, riƙe da kwanon salak da ta zubar da ganyen ta kamfato ruwa. A ciki ga Dino, yana zagaye wani yankan kokwamba da ya rage. Ta ce gani ta yi ya wuce ta gaban kujerarta ya nufi titi, ta ce masa ina zuwa.

Noelene ta karɓi kwanon da hannu biyu. Ta dubi bahon. Ashe tun da Lionel ya cire shingen nan mai haƙora, kifayen suka bi ruwa suka gangaro ta bututu, suka kwana a mafaka, a ɗaki ɗaya da mai hannun filaya. Ta durƙusa ta tura hannu cikin ciyawar tana lalube a hankali. Har Merv sai da ya cire hularsa.

Sai ta ɗan zabura, ta zaro hannun ta dubi yatsanta. Ta fashe da dariya, hawaye na zuba. Ta ce, "Tana nan. Ta cije ni."

Lionel ya gyara hula, ya yi gyaran murya, ya fara cewa ai dama shi ya san... Bai ƙarasa ba. Ruwan nan bai fito da Dino kaɗai ba. Wata ƙatuwar kaguwa, wadda ta ƙoshi da dodon-koɗi har ta yi ƙiba, ta biyo ta ƙarƙashin tebur tana neman wanda za ta gaisar, ta sami babban yatsan ƙafar Kyaftin a fili. Yadda ya yi tsalle da ƙafa ɗaya, ya dafa injin wanki, ya ture gwiwar hannun Beryl, kek ɗin ya sauka a kan farar hular, wannan ba sai na ja muku ba. Mutanen layin baya ma sun ce sun ji.

Merv ne ya ɓanɓare ta, da yake tsohon mahauci ne. Ya ɗaga ta ya juya cikinta ya duba, ya ce namiji ne, kuma ya isa ci. Aka ɗora tukunya a murhun gas na waje. Aka fitar da tebur ƙarƙashin bishiyar mangwaro, aka ci abinci ba takalmi. Kowa ya yarda ba a taɓa cin kaguwa mai daɗinta a layin ba. Lionel, da ƙafa a naɗe cikin tawul, ya ce ai kiwo ne, ba kowa ya iya ba.

Da mutane suka watse ya tarar da Noelene a gaban baho, ta mayar da Dino, tana kallon su biyun suna shiga ciyawa suna fita. Ya tsaya a bayanta yana murza hular. Ya ce gobe zai gyara komai ya mayar da su sama.

Ta ce, "Ba inda za su."

"Noel, baho ne fa. Na shanu."

"Su suka zaɓa. Ka taɓa ganin Gina ta yi kyau haka?"

Ya leƙa. Bai taɓa gani ba.

Nan suke har yau, kusa da injin wanki. Noelene na ninke kaya tana ba su labarin layi. Babban tankin an zubar da ruwansa, ta cika shi da tukwanen furanni, falo ya miƙe, ƙofofi suka koma rufuwa, mangwaro ya koma zama inda aka ajiye shi. Lionel kuwa duk baƙon da ya zo sai ya kai shi ƙarƙashin gida ya nuna masa, ya ce a duk ƙasar nan shi kaɗai ya gina mafakar da kifi suka yi ƙaura zuwa cikinta da ƙafarsu.

Sai dai a jikin bahon, ƙasa da baki da kamar taƙi guda, akwai jan layi da Noelene ta ja da jan farce. Wani lokaci za ku ga Kyaftin ya zo da bokiti ya tsaya yana kallon wurin nan da ba ruwa, abin na cin ransa. Sai ya ɗaga bokitin a hankali. Daga can sama, ta ramin da ya huda da hannunsa, sai a ji Noelene ta yi tari sau ɗaya.

Sai ya juya ya zuba wa furanni.

Nawa ya ƙare nan. Wanda bai yarda ba ya je ya sa yatsa a bahon.